Man Keke a Ƙafar Tirela

Yayana tela ne, kuma duk layinmu Tsaf-Tsaf ake ce masa. Mutum ne da in ka miƙa masa hannu sai ya leƙa tafinka kafin ya karɓa, wai farin yadi ba ya yafe wa kowa. Shekara da shekaru yana ɗinki a lungun shagon wani mai labule, ƙarƙashin matakala, inda in ya miƙe da sauri sai kansa ya gaisa da siminti. Abin da ya mallaka a duniya guda ɗaya ne: babban keken ɗinki na aikin wuyan riga mai lantarki, mai nauyin tsiya. Da shi yake ci, da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa.

To, Allah ya nufa ya samu shagon kansa a ɗaya gefen gari, har an rubuta allo an kafa. Saura a kai keken.

Ni kuwa hayar kujeru da rumfa nake bayarwa, ina da 'yar tirela mai ƙafa biyu da nake ɗaura wa motata a baya. Duk damina tana bayan gida ruwa na dukanta. Da na jawo ta har tsakar gidan Yaya, sai tayar hagu ta yi wani gurnani mara daɗin ji.

Na ce, "Yaya, boris ne, ƙwayoyin ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansu. Giris ɗinsu ya bushe. Bari in kai wa bakanike ya wanke ya cusa sabo, gobe sai mu ɗauki keken."

Ya ce, "Bakanike? Ya dame min tirelar da baƙin mai, sannan in ɗora kekena a kai? Auta, ƙarfe mai juyawa ai sana'ata ce. Tun ba ki iya fyace majina ba nake kwance keke ina ɗaurawa."

"Keken ɗinki daban, ƙafar tirela daban."

"Ƙarfe dai ƙarfe ne. Kawo jak."

In faɗi gaskiya, farkon aikin ya burge ni. Ya ɗaga tirelar, ya cire tayar, ya ɓamɓare 'yar hular ƙarfen da ke tsakiya. Sifanar kwance noti ma da ƙyalle ya riƙe ta. Akwai wani siririn fin da ke ratsa noti ya hana shi warwarewa, da ya ja shi sai ya karye saboda tsatsa, ya yar. Ya kwance notin, ya zaro boris na waje da na ciki, ya jiƙa su a fetur, ya bi su da tsohon buroshin haƙori lungu-lungu. Ya shimfiɗa farin ƙyalle ya jera su suna ƙyalli. Bakanikena bai taɓa yin wanki irin wannan ba, kuma na faɗa masa.

Kaicona da na yabe shi! Nan kansa ya ƙara girma.

Na ɗauko gwangwanin giris na ajiye a gabansa. Na sha ganin yadda ake yi: ka dumbuzo giris ka ɗora a tafin hannu, ka riƙa danna gefen boris ɗin a ciki kana juyawa, har giris ya ɓullo ta sama tsakanin ƙwayoyin. Aikin hannu ne, ba shi da wata dabara sai ɓata hannu. Na kwatanta masa. Yaya ya leƙa gwangwanin kamar wanda aka buɗe wa masai.

"A tafin hannuna? Hannun da zai taɓa shaddar mutane gobe?"

"Akwai sabulu a duniya, Yaya."

"Yanzun nan na gama fitar da wannan ƙazantar, ki ce in mayar?"

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalbar man keke mai dogon baki. Ya ɗiga, ya ɗiga, ya sa yatsa cikin ƙyalle ya kaɗa boris ɗin. Abin haushi kuwa sai ya ɗauki juyi, firrr, ba ƙaƙƙautawa. Matarsa tana bakin ƙofa, ta ce, "Kai, Baban yara, hannunka akwai albarka!" Ita dama ko atishawa ya yi sai ta yaba.

Na ce, "Wannan ruwan, kafin mu fita layi ya tsiyaye."

"Kin ji ƙara?"

"Ban ji ba."

"To ki yi min shiru."

Ya mayar da komai. Da aka zo kan noti, na ce bakanike yakan ɗaure ne sannan ya ɗan sassauta, don taya ta samu sararin juyawa. Yaya ya ce sako-sako shi ke kawo ɓarakar ɗinki, ya ɗora ƙafa a kan sifana ya taka har sai da notin ya yi kuka. Fin kuwa tunda ya karye, sai ya shiga ɗaki ya fito da basilla, babbar allurar nan ta ɗinkin buhu, ya zura a ramin. Ya yi wa ɗaya ƙafar irin wannan hidimar, ita da ba ta ce tana ciwo ba.

Raina ya ɓaci sosai. Na ce ni ba zan ja ba. Ya ce gobe masu kaya za su same shi a sabon shago, ko so nake a ce ƙanwarsa ce ta hana shi tashi daga ƙarƙashin matakala? Matarsa ta ce ai dama wasu ba sa son ci gaban ɗan'uwa. Maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga. Na haɗiye maganata na ce Allah ya kai mu goben.

Da safe ƙartin layi suka taru suka ɗora keken da teburinsa. Na miƙo igiyar da nake ɗaure rumfa da ita, Yaya ya ce ta yi dauɗa. Da ragowar yadi ya ɗaure shi, har da ƙulli mai kyau a sama.

Cikin unguwa lafiya lau. Yana gefena yana ta waiwaye yana murmushi. "Ina ƙarar, Auta? Ina gurnanin?"

Da muka hau babban titi na ɗan taka, sai wani ƙauri ya shigo motar. Na duba madubi na ga hayaƙi siriri yana tashi daga ƙafar hagu.

"Yaya, zan tsaya."

"Sabon mai ne ke kama jiki. Haka keke ke yi. Je ki."

Ban saurare shi ba, na fara neman gefe. Kafin in samu sai muka ji ƙiiii, motar ta fizgu. Sai ga taya ta wuce mu ta gefen hagu, ita kaɗai, tana sauri abinta.

Yaya ya ce, "Ji wani sakarai ya saki tayarsa a titi."

Bai rufe baki ba tirelar ta kife gefe guda, ƙarfe na kartar kwalta. Yadin da aka yi ɗauri da shi ya yage, keken ya sulale ya faɗa kwalbati da kai. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnena.

Muka fito. Sandar ƙarfen da tayar ke kai ta yi baƙi tana hayaƙi, ƙwayoyin boris sun tarwatse a titi. Na buɗe baki zan zazzage masa duk abin da na tara tun jiya, sai na ga ya sauka cikin kwalbatin ya durƙusa. Ya kai hannu ya shafa keken. Wuyan keken ya tsage gida biyu.

Mai gyaran keke ya zo ya duba, ya juya shi, ya ce wannan ƙarfen ko an yi masa walda allura ba za ta ƙara sauka daidai ba. Ya ce in za a sayar da teburin yana so.

Na yi kwanaki ina shirya baƙar maganar da zan tarbe shi da ita. Na tanadi ta basilla, na tanadi ta sakaran da ya saki tayarsa. Matarsa ma na ajiye mata nata kason.

Ran nan da hantsi ina goge kujeru sai ga shi ya yi sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya kalli ƙasa.

"Auta," ya ce, "tsohon keken nan na Inna, mai juyawa da hannu, yana wurinki?"

"Yana ƙarƙashin gado. Ai ko zigzag ba ya yi, Yaya."

"Na sani. Faci zan riƙa karɓa kafin Allah ya kawo mafita. Ki ara min."

Na shiga na jawo shi na kaɗe ƙurar. Na ce bari in ɗauko makullin mota in kai shi. Ya ce a'a, in bar shi. Ya naɗe ɗan ƙyalle ya yi gammo, ya ɗora keken a ka, ya fita da ƙafa.