Labarin Saniyar Kaka Odok

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da rubutu da wasan dandamali a wata jami'a a Izhevsk, a ƙasar Rasha. Ɗalibaina yaranmu ne na ƙabilar Udmurt, yawancinsu daga ƙauye, masu jin kunyar harshen iyayensu. Ban taɓa samun mai baiwa kamar Alevtina ba. Da ta fara zuwa ajina, ko ɗaga kai ba ta iyawa. Ni na koya mata tsayuwa da inda ake jan numfashi. Sau tara na sa ta sake rubuta, da harshenmu, labarin kakarta Odok, wadda ta kwana biyu a daji tana neman saniyarta, tana kiranta da waƙa.

"Rimma apay, kashe ni za ki yi?" in ji ta a karo na takwas. Apay muke ce wa mace babba don girmamawa.

"Sai kin gama tukuna," na ce. Muka yi dariya.

Ranar wasan ƙarshen shekara, da za ta gabatar da labarin, zauren ya cika. Tsohuwa Odok ta shigo motar safe daga ƙauye, da kwanon perepech, ƙananan burodinmu na gargajiya, da ta gasa wa 'yan ajin, na zaunar da ita a layin gaba. A bayanmu akwai wani mai shirya wasanni daga Mosko da ya zo neman sababbin 'yan wasa.

Alevtina ta hau dandamali, ta buɗe baki, sai na ji Rashanci. Na ɗauka tsoro ne ya ruɗa ta. Ashe shiri ne. Ta ranƙwafa, ta karkace baki, tana kwaikwayon yadda tsofaffinmu ke karya Rashanci. Waƙar kiran saniyar ma ta mayar da ita abin ba'a. Zaure ya kece da dariya, baƙon har da buga cinya.

Odok ta taɓo hannuna. "'Yata, ashe haka nake magana?"

Na riƙe hannunta har aka gama wasan.

Na samu yarinyar a bayan labule tana goge fuska. "Tun yaushe kika shirya wannan?"

"Wata biyu. Apay, ki gane mana. Da na yi da harshenmu, wa zai ji?"

"Kakarki."

"Kaka ba ta ɗaukar mutum aiki," ta ce, idonta a ƙasa.

Ni na raka tsohuwar tasha, domin jikar tata tana wurin baƙon. Har motar ta tashi ba ta ƙara maganar ba.

Bayan mako uku Alevtina ta aiko tana neman takardar shaida zuwa Mosko. Na rubuta cewa tana da baiwa, don gaskiya ne, na sa hannu. Sun ɗauke ta. Ta kira ni sau biyu daga can, ina kallon wayar har ta gaji ta katse.