Waƙar Goggo Barakatu a Bakin Arwa

Goggona Barakatu ta fi shekara talatin tana waƙar biki a unguwar Nuzla ta Jidda, amma ko a waya ɗaya babu muryarta. Bikin mata ne, tun a bakin ƙofa ake karɓe wayoyi kada a ɗauki matan mutane. Da ciwon maƙogwaro ya cinye muryar, sai waƙoƙin suka rasa mazauni in ba cikin kanta ba. Abin yana cin ranta ƙwarai. Ni kuma da zan gaje ta, in na buɗe baki ko akuya sai ta bar wurin.

Abin da ya rage mata shi ne gasar waƙar nan ta talabijin da ƙasashe ke tura mawaƙansu duk shekara. Duk wanda ya taɓa lashe ta, Goggo ta san shi. Bamisiren da ya fara ci, ta ce ƙirjinsa rijiya ne. 'Yar Maroko da ta biyo bayansa kuwa, har yau in an ambace ta sai Goggo ta jinjina hannu. Yabo take tsakani da Allah, babu hassada.

"Su kam halas, shi ke nan, an adana su," takan ce da 'yar muryar da ta saura. "Ko sun mutu ana jin su."

Bana wata 'yar Jidda mai suna Arwa ta kai zagayen ƙarshe. Ba mu san ta ba. Ta ce za ta rera waƙar rakiyar amarya da ta ji tana ƙarama, a bakin wata mawaƙiya da ba ta san sunanta ba. Tana farawa na ga Goggo ta ajiye shayinta.

A tsakiyar baiti na uku Arwa ta yi shiru, makaɗa suka dakata, sannan ta ɗora. Alƙalai suka miƙe tsaye. Da aka ba ta kofin, babbansu ya ce wannan shirun ne gwanintar da ta ci gasar.

Goggo tana ta dariya, hawaye na zuba.

"Goggo, lafiya?"

"Wallahi ya binti, 'yata, ba gwaninta ba ce, matakala ce. A tsohon zauren bikin unguwar Mahjar, daidai nan amarya ke tattare riga ta hau, sai in jira ta." Ta share ido da gefen mayafi. "Yarinyar nan ko shiruna ba ta yar ba."