Tafiyar da Aka Soke

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Abin da ke gabana shi ne an soke tafiyar nan da ƙarfe takwas da minti goma sha biyu na safe."

Sakinatu tana tsaye a barandar asibiti a Malumfashi, waya a kunne, ɗaya hannun riƙe da kular kunu da ya huce tun ɗazu. Karo na huɗu ke nan da take kiran kamfanin hayar motar. Matar da ke amsawa ta sake yi mata bayani a tsanake, cewa inshorar kamfani tana aiki a kan fasinja ne daga lokacin da aka fara tafiya a manhaja har a sauke shi. Wadda aka soke kuwa, magana ce tsakanin fasinja da direba.

"Kuma daga wayarki aka soke," in ji matar.

Sakinatu ta kashe wayar, domin ta sani.

Malam Shitu, wanda ke kwance a ciki, maƙwabcinsu ne a Funtua, katanga ɗaya ta raba gidajen. Manomin masara ne da waken suya. Tun tana firamare yake ce mata Lauya, saboda ba ta barin gardama ta kwana. Da ta je Zariya ta yi difloma a fannin shari'a, ta dawo ta kama aikin rubutu a ofishin wani lauya, sai ya ce shi ya fara ganin abin. Lokacin da matan layi ke cewa boko ya sa ta ɗaga kai, shi ne ke ce musu su bar ta, kan nata ne.

Babbar 'yarsa ta haihu a Malumfashi, ga gwiwarsa ta kumbura, ba zai iya matsin motar tasha ba. Sakinatu ce ta ce kada ya wahalar da kansa. Ta zauna a dakalin ƙofar gidansu tana nuna masa waya, tana yi masa bayani da ƙarfi yadda na kusa za su ji: mota za ta zo har ƙofar gida, sunan direba da lambarsa duk a rubuce, kuma in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, akwai inshora. Ba kamar tasha ba, inda sai dai a ce Allah ya kawo.

Da safe direban ya zo, wani matashi mai suna Mus'ab. Ya sauko ya gaishe su da ladabi, sannan ya roƙi abin da direbobin ke roƙa kullum: ta soke tafiyar a waya, Baba ya ba shi kuɗin a hannu, ya rage masa wani abu, shi ma kamfani ba zai cire kasonsa ba. Malam Shitu ya ji maganar ragi ya yi dariya, ya ce yaron nan ɗan albarka ne. Bai san abin da sokewa take nufi ba. Ita ta sani, ta taɓa karanta sharuɗɗan daga farko har ƙarshe. Amma ta makara ofis, kuma kowa haka yake yi. Ta danna.

Bayan sun wuce Bakori wani mai babur ɗauke da buhuna ya fito daga hanyar gona. Mus'ab ya kauce masa, motar ta faɗa kwalbati. Malam Shitu ya ji mummunan rauni a wuya.

Da Sakinatu ta shiga ɗakin asibitin, Inna Amina, matar Malam Shitu, tana zaune a tabarma kusa da gadon tana yi masa fifita. Ya juyo da ido kawai, don wuyan ba ya juyuwa.

"Lauya, yaya mutanen waya?"

"Ana kai, Baba."

"Kin ji ko?" ya ce wa matarsa. Ya kuma gaya wa na gadon kusa cewa wannan 'yarsa ce, da Turanci take yi wa kamfani faɗa, ba a yi wanda zai ci haƙƙinsa ba tana raye. Sannan ya tambayi masararsa, ko an fara karya, ya ce a gaya wa masu aikin kada su bar ta a ƙasa ruwan ƙarshe ya taɓa ta.

Likita ya ce aikin ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti a Zariya, kuma da wuri. Sakinatu ta kai maganar wurin maigidanta na ofis, Barista Oluwaseun, haifaffen Funtua. Ya duba wayarta, ya cire tabarau. Ya ce kamfani ya fita, ba ta da inda za ta kama shi. Saura direba da mai motar, kuma takardar inshorar motar, da ya bincika, ta bogi ce, irin wadda ake saya don nuna wa jami'an hanya. Ana iya shigar da ƙara, amma kotu ba ta san gaggawar asibiti ba.

Duk da haka ba ta zauna ba. Ta rubuta wa kamfanin wasiƙa uku. Ta je gidan mai motar sau biyu, aka ce ya yi tafiya. Ta bi gidajen layi da masallacin unguwa, aka haɗa abin da aka haɗa, aka sayar da rabin masarar tun tana gona a kan farashin da ba na Allah ba. Kullum in ta tashi ofis sai ta hau motar tasha zuwa Malumfashi, kullum kuma sai ya tambaye ta mutanen waya. Sau uku tana buɗe baki za ta faɗa masa. Ran nan har ta ce, "Baba, akwai wata magana," sai ya ce ta gyara masa matashi tukuna. Ta gyara, ya lumshe ido, ta bar shi.

A rana ta tara, bayan azahar, ana neman motar da za ta kai shi Zariya, ya cika. Maganarsa ta ƙarshe ga Inna Amina ita ce kada ta damu da makarantar yara, Lauya tana da takardu.

Ranar addu'ar uku maza sun cika tabarmi a ƙofar gida. Sakinatu tana zaure tana miƙa kwanukan sadaka, sai ta ga Mus'ab, hannu a naɗe da bandeji, tare da wani kawunsa. Kawun ya durƙusa gaban Alhaji Lawal, yayan mamacin, ya ba da haƙuri, ya ce ƙaddara ce ta rutsa da yaron. Alhaji Lawal ya gyara babbar riga, ya ce su a gidansu ba a taɓa cin kuɗin jini ba, kwana ne ya ƙare, sun yafe duniya da lahira. Aka fara shafa fatiha.

"Alhaji, a gafarce ni."

Duk aka juyo. Ba a saba jin muryar mace daga zaure a irin wannan zama ba.

"Diyya gado ce. Akwai matarsa, akwai 'ya'yansa, biyu ba su balaga ba. Ba a tambaye su ba, kuma na marayu ba mai ikon yafe shi."

Alhaji Lawal ya tambayi wanda ke kusa da shi ko 'yar wane ce wannan, alhali ya sani. Liman ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, maganar yarinyar tana kan hanya. Sai Mus'ab, wanda tun zuwansa bai ɗaga kai ba, ya ɗago. Babu faɗa a muryarsa.

"Hajiya, ni na roƙa, ban musa ba. Amma da ba ki soke ba, da kamfani ne ya kai shi Zariya."

Sakinatu ta ji matan da ke bayanta sun daina motsi da kwanuka. Tana iya cewa yaudararta ya yi, kuma da yawa za su yarda.

"Ni na soke," ta ce. "Na kuma san abin da sokewar take nufi."

Ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta ratsa matan ta shiga ciki.

Inna Amina tana ɗakinta a kan tabarmar takaba, ta riga ta ji, don magana ta fi mutum saurin shiga gida. Sakinatu ta durƙusa daga bakin ƙofa ta faɗa mata komai, tun daga dakali har wasiƙu ukun. Ta ce saura hanya ɗaya, ƙarar direba da mai motar. Za ta ɗauki lokaci, mai yiwuwa shekara, mai yiwuwa abin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Ita za ta riƙa zuwa kotun, amma sai Inna ta sa hannu.

Inna Amina ta daɗe tana jan carbi.

"Kwana tara yana yabonki," ta ce. "Kada ki roƙe ni gafara yau, Sakinatu, ba ni da ita. Ina takardar?"

Sakinatu ta ciro ta daga jaka tare da ɗan akwatin tawada. Inna Amina ta danna babban yatsa a tawadar, ta danna a inda aka nuna mata. Ta duba ba ta ga tsumma kusa ba, sai ta goge yatsan a bangon ɗakin, ta ci gaba da jan carbinta. Sakinatu tana durƙushe da takardar a hannu, tana jiran tawadar ta bushe.