Cinyar Rago a Gidan Gwaggo Zuhur

Surukina Si Mbarek ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas tsakanin garinmu Safru da birnin Fas, kuma ban taɓa ganin ya ci nama ya bar kitse a faranti ba. Matarsa Rkiya, Allah ya jiƙanta, da man shanu take girki. In an yanka rago, hantar da aka naɗe da kitse aka gasa a tsinke, tasa ce kafin kowa ya taɓa. Bayan rasuwarta da 'yan shekaru ciwon zuciya ya kayar da shi a bakin masallaci. Aka yi masa aiki a Fas, ya tashi.

Matata Hniya ita ce 'yarsa ta fari, ita ce kuma ta zauna da shi a asibiti. Ta ce ba zai koma gidansa shi kaɗai ba, sai muka gyara masa ɗakin ƙasa. Likita ya ce a rage kitse da gishiri, ya riƙa ɗan tattaki. Hniya ta ƙara nata a kai: ta hana jan nama shiga gidan gaba ɗaya. Kullum ƙirjin kaza dafaffe da kabewa da karas, ba mai, ba gishiri. Mu ma haka muke ci, don kada ya ji ƙamshi.

Da farko yana tsokana.

"Hniya, wannan kazar ita ma aiki aka yi mata?"

"Ka ci, Baba."

"Na ga duk mun yi fari ne, ni da ita."

Daga baya ya daina tsokanar. Yakan tsakuri burodi, ya sha shayi, ya ture farantin. Rigunansa suka yi masa yawa. Hniya ta ce dama ana so ya rage ƙiba.

Tattakin da yake fita da hantsi ne ya fara tsawo, yana dawowa da fara'a. Ba a daɗe ba wata maƙwabciya ta gaya wa Hniya cewa ta gan shi a bayan rumfar Bushta mahauci, abokinsa tun suna samari, yana cin tsire mai kitse a tsaye. Hniya ta sa mayafi ta tafi kasuwa. Ban bi ta ba, amma an ba ni labari. A gaban masu sayen nama ta ce wa Bushta in ubanta ya sake faɗuwa, shi zai zo ya ɗauke shi. Washegari da Si Mbarek ya je, Bushta ya ce masa, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, an yi mini iyaka da kai." Mahautan gefe suka yi dariya.

Bai dawo gida ba. Ya shiga motar haya ya tafi garin Bahalil, wajen yayarsa Zuhur, wadda ta girme shi sosai, ita ce ma ta goya shi. Ita ta kira mu da rana ta ce yana wajenta, kada a nema.

Ranar Juma'a muka je ɗauko shi. Muka same shi zaune a tsakar gida kan buzu, ya amsa gaisuwata, ta 'yarsa kuwa ya amsa yana kallon bango. Gwaggo Zuhur tana bakin madafa da cinyar ɗan rago a faranti da ƙaramar wuƙa.

"Gwaggo, wannan na waye?" in ji Hniya.

"Na masu baki."

"Ai an hana shi."

"Wa ya hana? Likita ko ke?"

Gwaggo ta juyo wajena. "Kai mijinta, ai kana wurin. Me mutumin ya ce?"

Na ce kitse ya hana, da yawan gishiri. Tsoka kuwa ya ce jefi-jefi, gwargwadon tafin hannu. Hniya ta dube ni, na dubi ƙasa.

"To ga wuƙa," Gwaggo ta ce mata. "Idona ya yi rauni. Duk farin da kika gani ki yanke, ki ba kyanwa. Tunda ke ce 'yar sanda."

Hniya ta karɓa. Ta zauna ta bi cinyar nan a hankali, tana ɗaye fata tana ƙwaƙule kitse har tsakanin tsoka, sai da ta bar jan nama zalla. Gwaggo ta yanka shi manya-manya, ta shimfiɗa ganye a madambacin da take turara kuskus, ta jera naman, ta rufe, ta ɗaure bakin tukunyar da tsumma don kada tururi ya tsere. Sannan ta aike ni lambun bayan gida in tsinko ganyayen ƙamshi, kasbur da ma'adnus da ɗan na'ana'a, ta ce in girgiza ƙasar a can, kada in kawo mata.

A ƙaramin turmin tagulla ta daka sharmula, haɗin ganye da ake zubawa a kan nama. Tafarnuwa ta fara sawa, sai 'ya'yan kamun, wani kayan ƙamshi, da ta soya sama-sama a busasshen kasko, sai ganyen, tana daka tana ƙarawa har ya zama kore shar. Ta matsa lemun tsami. Da ta kai hannu ga gishiri ta ciko yatsu, Hniya ta riƙe mata hannu.

"Ya yi yawa."

"Abinci ne ko magani?"

"Gwaggo, ni na gan shi a kwance da robobi a hanci. Ke ba ki gani ba."

Gwaggo ta dube ta jim kaɗan, ta mayar da fiye da rabi cikin kwanon, ta ƙara lemun tsami a madadinsa. Wajen man zaitun ma sai da suka ja, aka tsaya a cokali. Duk wannan Si Mbarek yana jin su daga tsakar gida. Na ga ya gyara zama ya fuskanci madafa.

Bayan mun dawo daga masallaci aka sauke. Naman ya yi laushi har yana rabuwa da yatsa. Gwaggo ta zuba koren a kai tun yana tururi, ƙamshin tafarnuwa da ganye ya cika gidan. Hniya ta ware wa ubanta nasa a gefen faranti, ta auna da tafin hannunta. Ya dubi rabon, ya miƙa nasa hannun.

"Tafin hannun wa likitan ya ce? Nawa ko naki?"

Ta ƙara masa yanka ɗaya.

Ya ci a hankali, yana dangwala burodin sha'ir a sharmular. Da ya gama ya suɗe yatsa.

"Yaya, babu gishiri."

"Ka tambayi 'yarka."

"Kuma rago ba kitse, kamar gida ne ba mutane."

"To bar sauran miyar, kada ta dame ka."

Ya jawo farantin gabansa ya share shi tas.

Da la'asar Hniya ta haɗa masa kayansa a jaka, ya ce ta mayar. Ba zai bi mu ba. Ya ce gidan surukai gidan baƙunta ne, ya gode, kuma shi ba yaro ba ne da za a bi shi kasuwa. Hniya ta ce, "Na yi kuskure wajen Bushta, Baba." Ya ce ya ji. Bai tashi ba.

A mota, da muka kusa Safru, ta ce da ma na yi shiru lokacin da Gwaggo ta tambaye ni. Na ce tambayata aka yi.

Ya zauna a Bahalil har aka gama tsinkar zaitun, sannan ya koma gidansa na da, shi kaɗai, kamar yadda ya so. Hniya ta sa an kai masa madambaci da turmi. Yanzu yakan zo mana ranar Juma'a, wani lokaci da ganyen a leda, ya zauna a ƙofar madafa yana gaya mata ta cika lemun tsami. Da ya koma asibiti an ce jininsa ya yi kyau, a ci gaba da yadda ake. Ko yana ƙetare doka a sauran ranakun, ban sani ba, Hniya kuma ta daina tambaya. Naman dai a wajen wani mahauci take saye, can ƙasan kasuwa, don har yau kunyar wucewa ta gaban rumfar Bushta take ji.