Aikin Gida da Hannun Hagu

Shekarun Tsuntsuwa huɗu. Sunan ya bi ta ne saboda ba ta ganin allin ɗinkin uwarta ta ƙyale, sai ta cika simintin shago da zanen tsuntsaye, wasu har da ƙafa uku. Da aka sa ta makarantar ƙananan yara, aka fara haɗo ta da aikin gida: shafi biyu kullum, harafi ɗaya sau hamsin. Yarinyar da ko maɓallin rigarta ba ta iya ɓallewa ba!

Ranar farko ta yi layi uku tana murna. Kafin mako ya zagayo, kuka take tana yarfe hannu. "Umma, yatsuna ciwo."

Mai kitson da ke shagon gefe ta leƙo tana dariya. "Ke ma dai, ƙawata! Wa ya ce miki yaran ke yi? Da hagu ake rubutawa, sai ya fito a karkace kamar nasu. Ni har na ƙware, jiya tauraro biyu Malama ta ba ni."

Mai ɗinki, uwar Tsuntsuwa, ta ɗauki fensir da hagu, ta ce na yau ne kawai. Haka aka cinye zango guda.

Ranar taron iyaye, shugabar makarantar ta baje littattafan a kan tebur tana washe baki. "Kun ga abin da muke faɗa? Yaran bana sun fi na bara. Tunda sun nuna za su iya, daga Litinin shafi huɗu ne."

Aka tafa. Mai ɗinki ta dubi matan da ke zaune a kan ƙananan kujerun yara, gwiwoyinsu a sama. Kowace ta san hannun da ya yi rubutun nan. Malamar ajin ma ta sani, shi ya sa ta tsura wa farcenta ido. Magana ta taso wa mai ɗinki har maƙoshi, ta fara ɗaga hannu.

Mai kitso ta zungure ta. "Ki tona mana asiri, a ce 'yarki ce daƙiƙiya?"

"Maman Tsuntsuwa, da magana?" in ji shugabar. "Ai littafin 'yarki ya fi na kowa tsafta."

"A'a, Malama. Godiya ce kawai."

Ranar Litinin da yarinyar ta dawo, uwar ta tsayar da keken ɗinki, ta miƙa mata sabon alli. "Zo, 'yar Umma, bar jakar nan. Zana mini tsuntsu, mai ƙafa ukun nan."

Tsuntsuwa ta dubi allin, ta ɓoye hannayenta a baya, ta girgiza kai. Can ta zuge jakar, ta ciro littafi, ta kamo hannun uwarta na hagu ta danƙa masa fensir.

"Ki yi a hankali, Umma. Yau huɗu ne."

Mai ɗinki ta kalli simintin shagon. Fes yake, ba ta ma san ranar da ta daina goge shi ba. Ta ajiye allin, ta nemo reza ta feƙe fensirin.