Firijin Celina a Ɗakin Lizzy

Tun da aka ƙara kuɗin jami'a Celina ta daina jin ɗanɗanon abinci. 'Yarta Hephzibah ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna, kuma ranar Juma'a za a rufe rajista. Celina ma'aikaciyar sakatariya ce, mijinta Shekari malamin sakandare, amma bashin ginin gidansu na Narayi ya gama da albashin. Abin da ya rage shi ne tallafin ƙungiyar 'yan garinsu mazauna Kaduna. Ita kuwa ƙungiyar ba ta yarda da maganar baki, dattawa take turowa su ga zaman mutum da idonsu. Bara an hana wani don an ga janareta a tsakar gidansa.

Da ta kawo shawarar ɓoye kayansu, Shekari ya ce kada ta soma, in asiri ya tonu a gaban taro za a kira sunansu. Ba ta saurare shi ba. Ta tura motarsu wurin makanike a Gonin Gora. Firiji da talabijin da janareta kuwa ta kai ɗakin maƙwabciyarta Lizzy, 'yar garinsu mai tuyar ƙosai wadda mijinta ya rasu, ta ce mata fenti za su yi.

Ranar Laraba Baba Zakariyya'u, shugaban kwamitin, ya iso da Madam Vicky ma'aji. Celina ta kawo musu ruwan randa. Madam Vicky ta tsura wa bango ido, daidai inda talabijin ya bar shatinsa, sannan ta kawar da kai. Baba ya yi addu'a, ya ce su sa rai.

A bakin ƙofa ya tsaya yana dube-dube.

"Madam, wanne ne ɗakin Maman Nelson? Ita ma ɗanta ya nema. Gurbi ɗaya ne, ku biyu kuka rage."

Maman Nelson ita ce Lizzy. Celina ta nuna ɗakin da yatsa.

Daga inda take tana jiyo Madam Vicky tana tambaya ko ƙosai ne ya sayi wannan ƙaton firiji, ta ce in haka ne gobe ita ma za ta kafa kasko. Celina ba ta ji amsar Lizzy ba. Shekari ya raɗa mata ta shiga ta faɗi gaskiya tun da sauran dama. Ta ɗaga ƙafa, ta tuna Juma'a, ta mayar.

Dattawan suka fito fuska a ɗaure, suka nufi mota. Celina ta fara sauke numfashi ke nan sai ga Lizzy ta biyo su, rungume da talabijin, wayarsa na jan ƙasa. Ta zo har gaban Celina ta tsaya, muryarta a kwance.

"Maman Hephzibah, fentin ya bushe? A ina zan ajiye miki?"

Baba Zakariyya'u ya saki murfin motar, ya juyo a hankali.