Lita Ɗaya a Janaretan Kaka

'Yata ta gyara tsohon janaretan kakanta, ta gayyato malaminta na kwaleji ya ga gwaji. Ni na koya mata riƙe sifana, amma shi aka ba kujera.

Ta zuba fetur lita ɗaya, ta ja igiya, ta riƙa ƙara ƙwan fitila don ta ga ƙarfinsa. Ya ɗauki takwas bai shaƙe ba. Na matso ina murmushi, amma fuskar malamin take kallo.

"Baba, ɗan matsa, Malam ba ya ganin mita."

Da man ya ƙare, ya duba agogo. "Minti hamsin! Madalla, 'yata."

Injin ya riga ya yi shiru, shi ya sa kowa ya ji da na ce, "Ni na haife ta."